Ranar da Na Ɗaure Tsoho Na Tafi Wurin Raƙumi

Ba zan taɓa mantawa da ranar jarrabawata ta sitaji ba, wato koyon aiki a asibiti, ni da mantuwa ta zame wa sana'a.

Ni ba ɗan lakwal ba ne tun asali, ban tashi a makarantar boko ba. Kiwo na tashi ina yi a dajin Gidigir. Da gemuna na zauna aji, na ja jiki da ƙyar har na shiga makarantar aikin jinya a Damagaram. A can na gane ba ƙarancin boko kaɗai ke damuna ba. Malami yana bayanin zuciya, ƙuda ya wuce, na bi ƙuda. In na dawo an kai ƙoda. Shafi ɗaya sai in yi ta karanta shi har rana ta juya, in rufe, babu abin da ya zauna.

Inna ta ce rawar kai ce. Gwaggona ta ce iska ne, aka yi ta ba ni rubutu. (Rubutun ma mantawa nake da shi a kan taga har ya yi tsami.) Daga baya wani likita ya zaunar da ni ya yi mini tambayoyi, ya ce cuta ce sananniya, ta rashin tsayuwar hankali wuri ɗaya, kuma ba yara kaɗai take kamawa ba. Ya faɗi sunanta da Faransanci. Kafin ya kai ƙarshen sunan ina kallon agogonsa. Magani kuwa, ya ce samunsa a nan da wuya. Sai dabara.

Aka turo ni sitaji wani ƙaramin asibiti a nan Gure. Na riga na faɗi jarrabawar sau ɗaya. Yayana, wanda ke riƙe mini dabbobi da iyali, ya ce in na sake faɗuwa in dawo in karɓi sandata, shi ya gaji.

Ranar jarrabawar, majo, wato shugabar masu jinya, Madam Falmata, ta ba ni aikin da ko barci nake zan iya. Ɗibar jinin wani tsoho da ya zo daga Kelle. Muna shirin farawa aka kira ta ɗakin haihuwa.

"Ka shirya kayanka," ta ce. "Kada ka soka sai na dawo."

Na sa safar hannu. Na ɗauko garo, robar nan da ake ɗaure dantse da ita don jijiya ta taso, na ɗaura wa tsoho, wai in ga jijiyar tun da wuri in burge majo. Jijiya ta fito tubarkalla. Na duba faranti, babu auduga.

"Baba, yanzu zan dawo."

"To, ɗana."

Ɗakin kaya yana ƙetaren fili. A filin nan, ƙarƙashin bishiyar dogon yaro, masu jiran marasa lafiya ke zama da tabarminsu da tukwanensu. Nan na ga raƙumin wani mutumin Bune, an yi masa dabaibayi irin na ganganci, igiya tana cin ƙafarsa har ta fara jini.

Na ce, "Malam, wa ya ɗaure wannan dabba haka?"

Na durƙusa na kwance, na sake ɗaurewa yadda ya kamata. Na duba ƙafar baya. Na duba haƙora. Muka shiga zancen rijiyoyi da inda ciyawa ta saura bana. Gaskiya ita ce tun da na sa farar riga hankalina bai taɓa zama wuri ɗaya kamar lokacin ba. Babu auduga a duniya, babu majo, babu tsoho.

Sai na ji murya a bayana, a hankali, cikin ladabi.

"Ɗana, maganin ya fara aiki. Ba na jin yatsuna."

Na waiwaya. Tsohon ne, ya biyo ni fili, ya ɗaga hannu sama kamar mai rantsuwa. Hannun ya kumbura ya yi baƙi ƙirin, garo na nan daram inda na bar shi. Bai kwance ba, don a zatonsa ɗaurin shi ne maganin.

Kafin in miƙe majo ta iso a guje ta fizge robar. Ta yi ta murza hannun har yatsun suka motsa. Sannan ta dube ni, ina durƙushe gaban raƙumi, safar hannuna duk gashi da yawu. Abokan sitajina sun cika taga.

"Kai, wa aka ba ka? Mutum ko raƙumi?"

Tsoho ya ce, "Ki yi haƙuri da shi, 'yata. Ɗaurinsa da kyau, ko motsi bai yi ba."

Mai raƙumi ya ce, "Wallahi gwani ne, Madam."

(Da sun yi shiru da ya fi mini.)

Ta ce, "Ina audugar?" Na duba hannuna.

Na faɗi, ba sai na gaya muku ba. Hannun tsoho ya warke, Allah ya rufa asiri. Da na je gida yayana ya jingina sandata a ƙofar ɗakina. Na yi kwanaki ina wucewa ta gefenta. Daga ƙarshe na roƙe shi ƙarin shekara ɗaya, ya ce ɗaya, ya juya baya.

Ban warke ba, kuma an ce ba a warkewa. Karatu har yau zubewa yake kamar ruwa a rairayi, kuma ban san ko zan ci a wannan karon ba. Abu ɗaya na koya. Dabbar da ba ta tsayawa, ba a yi mata wa'azi. Yanzu garo biyu nake yawo da su. In zan ɗaure majinyaci, sai na fara ɗaure nawa hannun tam, yadda ko ayarin raƙuma ne ya wuce, zafin zai dawo da ni. Yara suna dariya. Su yi. Na yi wa dabbobi dabaibayi rabin rayuwata, ashe wadda ta fi bukata tana cikin rigata.