Wankin Motar Zakari

"…Lafiya lau, Shatu. Ya ruwan jiya?"

"Ya yi gyara. Tsaya daga nan, kar ka kwaso mini taɓo."

Zakari ya ja ya tsaya a ƙofar gidan kawunsa a Bande. Jiya da la'asar ruwa da ƙanƙara suka tare shi yana dawowa daga kasuwar Guci, hanyar unguwarsu ta cika, sai ya bar motarsa ta haya a nan ya ƙarasa gida a ƙafa. Ya bar ta da laka har rufi. Yanzu ga ta fes, an lulluɓe gilashin gaba da tabarma, taubashiyarsa Shatu na durƙushe tana dirzar taya da soso.

"Wa ya sa ki?"

"Tausayi. Na ga ƙanƙara za ta fasa maka gilashi, na rufe. Da safe na ce bari in wanke wa bawana jakinsa."

"Ke? Ke da kwanon tuwo ke kwana uku a hannunki ba wanki? Me kika fasa?"

"Me ya rage da zan fasa a wannan gwangwanin? Motar da sai an tara unguwa an tura take tashi!"

"Ita ta kai ki asibitin Magariya kina ihun haƙori."

"Ta kai ni, ta ƙara mini ciwon baya."

Zakari ya zagaya motar a hankali. Ya ƙwanƙwasa fitilu, ya leƙa ƙasa, ya jijjiga madubi. Komai lafiya, abin da ya ƙara tayar masa da hankali ke nan.

"Shatu, turaren wuta nake ji."

"Kyauta ce."

"Me ya sa kika tsaya a jikin ƙofar baya? Matsa."

"Inuwa nake sha."

"Da hadarin nan? Yau zan kai Malam Sabo da mutanensa ɗaurin aure Kwaya, cikin fararen kaya. Matsa na ce!"

Kafin ta motsa, sai wata siririyar murya ta fito daga cikin motar: "Meee!"

Zakari ya kwance igiyar da ke riƙe ƙofar. Ga jar akuyar Shatu kwance a kujerar baya kan buhu, da 'ya'ya biyu sabbin haihuwa, tana tauna gefen katifar kujerar.

"Innalillahi! Motata kika mayar ɗakin haihuwa?"

"Rumfarsu ta faɗi, ga naƙuda, ga ƙanƙara. In bar ta ta mutu? Kuma kai ɗan mace ne, ni 'yar namiji. Kai da motar duk nawa ne."

"Fasinja uku, kwana guda, har da cin kujera! Malam Sabo zai sauka Kwaya yana warin bunsuru."

"Ai shekara nawa suna zama kusa da kai, ba wanda ya yi ƙara."

Shatu ta sunkuya ta ɗauko ƙaramin, mai farin goshi, ta danƙa wa Zakari a ƙirji.

"Ungo namijin, naka ne in an yaye. Na ma raɗa masa suna: Zakari. Dubi kunnuwan."

Ɗan akuyar ya kama yatsansa yana tsotsa. Zakari ya yi ƙoƙarin ɗaure fuska, dariya ta ƙwace masa.

"Allah ya shirye ki. Fitar da maijegon, ki miƙo mini soson nan kafin Malam ya iso."