Sunan Da Na Sa Wa Rawuta

Ba zan taɓa mantawa ba da bikin ƙanwar matata a Gwandu, kuma na tabbata mutanen da suka zauna a zauren surukina ran nan su ma ba za su manta ba.

Ni malamin firamare ne a Kalgo. Wata uku kafin bikin na sayi rawuta, ɗan akwatin nan da ake sa wa layin waya ya raba intanet ga wayoyin gida. Na ƙi bari mai shago ya saita mini (wai kada a ce malami guda bai iya ba). Da na zo saitawa sai ta nemi abu biyu: sunan wayfay da lambar sirri. A tunanina duka biyun sirri ne, ni kaɗai zan riƙa gani. A gurbin suna kuwa na saki zuciyata na rubuta: "Dije Kin Fi Fura Daɗi". Dije ita ce matata Hadiza, wadda ko sunanta ban taɓa kira a gaban iyayenta ba.

Yayanta Sani yana karatu a ƙasar waje, shekara uku Inna, mahaifiyarsu, ba ta ga fuskarsa ba. Ƙaramar waya gare ta, murya kawai take ji. Sai na yi alkawarin zan zo da rawuta a kira shi ta bidiyo ya ga biki, Inna ta gan shi.

Bayan ɗaurin aure na jona rawutar a zaure, inda sabis ya fi ƙarfi. Surukina Malam yana zaune da ƙaninsa Baffa, tsohon hedimasta, da dattawan da suka zo daga Masama da Kambaza. Na gyara hula na shiga lacca: wannan fitilar ta sabis ce, wannan ta wayfay, data kuma kamar ruwan randa take, kowa ya ɗiba tana raguwa. Har wani dattijo ya ce Allah ya ƙara ilimi.

Baffa ya ciro wayarsa, ya sa tabarau. "To, wane suna zan taɓa? Ga wani nan ya fito." Sai ya karanta da muryar da yake kiran sunayen ɗalibai, kalma bayan kalma: "Dije... Kin... Fi... Fura... Daɗi."

Wani ya yi tari. Ni kuwa na tsura wa tabarma ido, ina ƙirga saƙarta.

Malam ya ce, "Mi ka ce, Baffa?"

Baffa (Allah ya yafe masa) ya sake karantawa.

Daga cikin gida na jiyo dariyar mata ta tashi, domin su ma sunan ya fito a wayoyinsu. Na fara inda-inda cewa wataƙila kamfani ne ya sa. Malam ya dube ni na ɗan lokaci, sannan ya ce, "Kamfanin ya san ɗiyata ke nan. Ba Baffa lambar, tsohuwa tana jira."

Aka kira Sani. Inna ta fito bakin zaure ta riƙe wayar Baffa da hannu biyu, tana shafa gilashin da yatsa. "Ka rame," ta ce, "ba su ba ka tuwo ne?" Tana kuka tana dariya, har aka ɗan manta da ni.

Da zan tafi Malam ya raka ni bakin mota, abin da bai taɓa yi ba. Ya ce a hankali, "Allah ya yi maka albarka. Ka ci gaba da riƙe ta haka."

A hanyar Kalgo na tambayi Hadiza ko ta taɓa ganin sunan. Ta ce tun ranar farko, har maƙwabciyarmu ta nuna mata a tata wayar.

"Me ya hana ki faɗa mini?"

Ta kalli taga. "Da na faɗa, da ka canza shi. Da baki ai ba ka taɓa faɗa mini ba."

Yanzu na san bambancin: lambar sirri taka ce, suna kuwa duk wanda ke kusa yana gani. Na mayar da shi "Gidan Malam". Waccan maganar kuma na koyi faɗarta da baki, bayan na tabbatar Baffa ba ya kusa.