Yadda Za Ka Shigar da Talha Rumbun Hotuna Ba Sallama

Kai mai ɗaukar hoto, ka gaji da buga kalmar sirri kullum kafin hotunanka su hau rumbun intanet? Bi hanyar Martins, mai hoton biki a Dutsin-Ma. Tabbas za ka huta, har hutun ya ishe ka.

1. Samo ɗan aike

Martins ya rubuta 'yar manhaja mai kwashe hotuna daga kwamfuta ta kai rumbu. Sai dai rumbu ba ya buɗuwa sai an san mai shiga. Don haka buɗe wa manhajar asusu nata na kanta, kamar mutum, ka karɓo mata makullin sirri. Daga ranar ba sallama, ba jiran izini.

2. Raɗa masa suna

Kada ka sa "injin loda hoto", wannan sunan marasa dabara ne. Martins ya sa wa nasa Talha, wai don ya ji yana da ma'aikaci. Ubangida ai da yaransa ake gane shi.

3. Ba kowa iko

Da aka ɗauki Martins aikin bikin Ummi a Tamawa, Talha ya loda hotunan kamu lafiya lau. Martins ya ji daɗi, ya ba ango Abdullatif cikakken iko a kan jakar hotunan. Yi haka kai ma, rowa ba kyau.

4. Amsa waya kana kan babur

Ango ya duba masu shiga jakar, ya kira.

"Malam Martins, wane ne Talha?"

"Yarona ne, ango. Kullum yana ciki, ba ya ko barci."

"Cikin hotunan matata? Da iznin wa?"

"Ai shi ba ya neman izni," in ji Martins, yana ta alfahari.

Ango ya yi godiya a sanyaye. Yana kashe waya ya cire Talha daga masu shiga jakar.

5. Yarda da na'ura

Washegari aka kai amarya. Martins ya ɗauki kaka Inno rungume da Ummi suna kuka, hoton da shi kansa sai da ya share ƙwalla. Ya dawo, ya kunna manhaja, bai duba ko hotunan sun hau rumbu ba, ya goge na katin kyamara da na kwamfuta don bikin gaba. Dubawa aikin mai shakka ne.

6. Koma Tamawa

Tunda an kori Talha, ko hoto ɗaya bai hau rumbu ba. Zauna gaban Inno kamar yadda Martins ya zauna, ka roƙe ta ta sake kukan.

"Ɗan nan," in ji ta, "na ga ɗakinta, na ga mijin. Yaron da ya kori ƙato saboda ita, kukan me zan yi kuma?"

Martins ya ɗauke ta tana dariya. Shi ne kaɗai hoton kai amaryar Ummi.

Mai wannan shawara ba ruwansa da abin da ya biyo baya. Mai ƙorafi ya nemi Talha, in ango ya bar shi ya shigo.