Ranar da na tsoma wayata a kogi

Har yau raina ɓaci yake idan na tuna. Yayana ya ce in sayi waya irin tasa, ta kowa da kowa. Na ƙi, na sayar da shinkafata na sayo mai tambarin tuffa.

Muna cikin kwalekwale za mu gona a Auyo, ya dame ni da tsiya. Na fusata na ce, "Yaya, taka ta isa ta shiga ruwa?" Na tsoma tawa a kogi don ya gani. Ta suɓuce, ta nutse.

Yanzu duk ranar da aka soya kifi, sai Yaya ya kara ɗaya a kunne, ya miƙo mini ya ce, "Karɓi, kai ake nema."