Manhajar Gayya da Kwaɗon Ranka-ya-daɗe

Kwanan baya a layin mai na yini, har babur ɗina ya saba da maƙwabtansa. A nan Malam Habila, malamin makarantar su 'yata Zinariya a Gwallameji, ya same ni ina huci. Yo ba dole ba? Ƙarshen watan nan yarinyar za ta rubuta jarrabawa a kwamfuta, alhali ba ta taɓa danna ko ɗaya ba. Na makarantar suna nan lulluɓe kamar amare, wai lasisin manhajar da ke tuƙa su ya ƙare.

Ya ce, "Baban Zinariya, kwantar da hankalinka. Akwai wata manhajar, kyauta. 'Yan sa-kai daga ƙasashe daban-daban suka haɗa ta, ba kamfani, ba oga. Cikinta a buɗe yake, kowa ya leƙa, wanda ya ga ɓaraka ya ɗinke."

Na ce, "Ashe gayya ce! Yadda ake taruwa a nome gonar tsoho."

Muka garzaya neman izini wurin shugaban ofishin ilimi, Ranka-ya-daɗe, Garkuwan Kujera Mai Juyawa, Allah ya ƙara wa tumbinsa lafiya. Ya saurare mu da ido ɗaya a rufe.

"Wa aka ba kwangilar?"

"Babu kowa, ranka ya daɗe."

"To wa ya ci?"

Ya girgiza kai cikin tausayinmu, ya ce banza ba ta kai zomo kasuwa, amma zai kafa kwamiti.

Mu dai mun gaji da jiran gawon shanu. Ran Asabar iyaye muka yi tamu gayyar: Liatu mai kanti ta kawo janareto, ni na share ƙura, Habila ya ɗora manhajar. Kwamfutoci suka farka! Wallahi da na ga Zinariya ta rubuta sunanta da yatsa ɗaya, sai da na juya na share ƙwalla.

Labari ya isa ofis. Ranka-ya-daɗe, mutumin kirki, ya ji daɗi ƙwarai. Ya aiko da allo mai ɗauke da sunansa, da ƙaton kwaɗo: kada yaro ya kuskura ya taɓa aikin nan kafin a yi bikin buɗe shi.

Na tambayi masinjan da ya kawo kwaɗon ranar bikin. Ya ce in Allah ya yarda bayan jarrabawa, don har yanzu ba a ba da kwangilar almakashin yanke ƙyalle ba.