Sammani da Burtsatsen Masana

"Ni fa ƙasa ba ta ɓoye mini komai," in ji Sammani, yana dukan ƙirji a teburin mai shayin Rijiyar Lemo. "In na taka wuri da tafin ƙafar nan, sai in gaya maka ruwa yana ƙafa nawa, har da ɗanɗanonsa!"

Abokina, kar ka ɗauka wani abu ne. Dillalin kayan famfo ne, bai taɓa haƙa ko ramin dara ba. Amma ya buga kati ya rubuta Injiniya. Mu dai Injiniya Baki-da-Kumfa muke ce masa.

Ana nan sai ƙungiyar masana binciken ƙarƙashin ƙasa ta kira taron shiyya a wani otal a Sabon Gari. Kwana biyu za su yi suna lacca, a rana ta uku su fito da ɗalibansu su yi awo a unguwarmu. Inda na'ura ta nuna ruwa mai kyau, nan za su haƙa mana burtsatse kyauta. Sammani ya rantse sai a ƙofar gidansa, makullin famfo ya zauna a aljihunsa, kowa ya durƙusa ya gaishe shi kafin ya cika jarka.

Ranar farko gogan naka ya kifa hular kwano ta magina a kan babbar riga, ya wuce kai tsaye babban teburi ya hakimce. Shugabar reshen ƙungiyar, Dakta Mulikat, haifaffiyar Fagge ce, Hausa a bakinta kamar ta Bakanon cikin ganuwa. Ta leƙo ta saman tabarau.

"Sannu Malam. Daga wace jami'a?"

"Jami'ar gogewa, Hajiya."

"Madalla. Masu gogewa kujerunsu na can baya, kusa da fanka."

Can ya kwashi barcinsa har aka tashi, bai farka ba sai da aka fara rabon shinkafa.

Rana ta uku suka iso layinmu. Suka jera turakun ƙarfe, suka ja waya zuwa wata akwati da wani ma'aikacinsu Obinna ke dannawa. Kowane turke sai an ɗan zuba masa ruwan gishiri a gindi, wai don lantarki ya ratsa ƙasa sosai. Sammani ya ja ni gefe.

"Kai, gishirin nan na mene ne?"

Ni kuwa, Allah ya yafe mini, na ce, "Haba Injiniya, kai ne da tambaya? Ai na'urar gishiri take so. Duk inda ta ji shi, nan take cewa akwai ruwa."

"Na sani mana," ya ce. "Gwada ka nake yi."

Da aka tafi sallar Azahar, Injiniya ya faɗa gida ya sungumo buhun gishirin matarsa Kubura, mai sana'ar gyaɗa mai gishiri. Ya tare 'yan garuwa kura biyu, ya jiƙe buhun kaf, ya malale ƙofar gidansa, ya bi da busasshen yashi ya rufe. Ya dawo yana jan carbi.

Awo ya zo daidai gidansa. Obinna ya danna, ya ɓata fuska, ya sake dannawa.

"Madam, zo ki gani."

"Ba na faɗa ba?" Sammani ya daka tsalle. "Teku ce a ƙasan nan! A kawo motar haƙa!"

Dakta Mulikat ta daɗe tana duban lambobin. "Ba teku ba ce. Abin a sama-sama yake, bai kai ƙafa uku ba. In muka ga haka a tsakiyar gidaje, yawanci shadda ce ta fashe tana tsiyaya. Gidan wa ne wannan?"

Jama'a suka ja da baya, kowa ya toshe hanci.

"Dama ni na kwana biyu ina jin wani wari," in ji mai shayi, wanda wallahi bai ji komai ba.

Mai unguwa ya gyara rawani. "A kira duba-gari. A fasa daɓen nan yau, a kuma rufe rijiyarsa."

"Rankai daɗe, shaddata lafiyarta ƙalau!"

"Na'ura za ta yi maka ƙarya ne?"

Gumi ya karyo daga ƙarƙashin hular kwano. Da Sammani ya ga an aika a ɗauko diga, sai ya kwarma ihu: "Gishiri ne! Wallahi gishiri ne! Ni na zuba, buhu guda!"

Sai ga Kubura ta leƙo daga soro, buhu wayam a hannunta. "Au! Ashe kai ne? Ina can ina zagin 'ya'yan maƙwabta!"

Dakta Mulikat ta sa aka zare turakun aka koma bakin masallaci, inda daga baya aka haƙa burtsatsen, makulli kuma yana hannun ladan. Kafin ta wuce sai ta tsaya gaban Injiniya, ɗalibai sun zagaye shi da wayoyi suna ɗauka.

"Malam Sammani, aiki ya yi kyau. Ka sa ruwa, ka sa gishiri. In ka ƙara kuka da daddawa, aiko mana, sai mu taho da tuwo."