Rasuwar Abena, Jar Motar Papa Boadu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da hannayen da har yau baƙin mai bai gama fita daga faratansu ba, ni Adwoa Konadu, mai sayar da atamfa a kasuwar Kejetia, a madadin maigidana Papa Boadu Ampofo da dangi na nan Kumasi da na Kuntanase, nake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar motarmu Abena. Ta cika da hantsin wata Asabar, a rumfarta da ke gidanmu na Kwadaso, a gaban mai ita.

Marigayiya haifaffiyar Ingila ce. Jirgin ruwa ya sauke ta a Takoradi tun ina goye a bayan uwata. Ta fara zama a hannun wani Bature mai harkar katako, da zai koma ƙasarsu ya bar wa Papa Boadu, lokacin yana saurayin ma'aikacin safiyo. Ran Talata ta shigo gida, shi ya sa aka raɗa mata Abena, sunan 'yar Talata a wurinmu.

Ja ce wur, mai kujera biyu, gajera har mutum kan ji kamar a kan titi yake zaune. Rufinta na tamfol ne, ana naɗe shi baya. Ba ta taɓa ɗaukar buhun doya ba, don ba ta da inda za ta sa shi. Ranar da ta fara tsayawa a ƙofar gidanmu, mahaifiyata ta zagaya ta, ta leƙa ciki, ta ce mini, "Mutumin da motarsa ba ta da wurin suruka, ki yi tunani a kansa." Na yi tunanin, na aure shi. A cikinta aka kai ni naƙudar 'yarmu Oforiwaa, ruwan sama yana ɗigo mini a goshi ta ɗinkin rufi.

Tana da halinta. Ba ta tashi sai an lallaba ta. Takan fara da kirr, kirr, kirr, kamar mai nazarin ko za ta amsa, sai ta yi tari, tuf, tuf, sannan ta saki murya, burrrum, har kajin maƙwabta su watse. Ba ta taɓa kwana a garejin kowa ba. Papa Boadu ne likitanta, kowace Asabar yana ƙarƙashinta, ba a ganin komai nasa sai tafin ƙafa.

Shekaru kaɗan da suka wuce ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Magana ta tafi, ta bar masa kalma ɗaya tak: a'a. Da ita yake gaisuwa, da ita yake neman ruwa, da ita yake godiya. In Fasto ya yi masa addu'a, a'a ce amin ɗinsa. Abinci kuwa sai an yi fama. Wata safiya, don rashin abin yi, na ɗauki makulli na tayar da Abena yadda na saba ganin yana yi, na ja ɗan maɓallin da yakan ja, na taka totur kaɗan, na murɗa. Da ta yi kuka sai na ga ya rufe ido, ɓarin bakinsa mai rai ya ɗaga. Ya shanye kokonsa tas. Daga ranar haka muke buɗe gari: in tura kujerarsa baranda, in tayar da Abena, ya ci abinci.

Rashin lafiyarta ya fara da damina. Wani ƙwas, ƙwas, ƙwas ya shiga cikin muryarta, hayaƙi mai shuɗi-shuɗi ya riƙa fitowa ta salansa, mai yana kwana a ƙarƙashinta. Na kira makanikai biyu daga Suame, unguwar masu gyaran mota. Suka saurara, suka ce ciwon yana can ciki, kuma kayanta sun ƙare a duniya.

"Maame, mu cire wannan mu sa miki injin ƙaramar tasi," in ji babbansu. "Har Accra za ta je ta dawo ba ta yi tari ba."

Papa Boadu ya riƙa dukan hannun kujera da hannunsa mai lafiya har ya kumbura. Bai daina ba sai da suka tattara sifanunsu suka fita.

Oforiwaa, wadda ke aikin jinya a Ingila, ita ta kawo shawara ta waya. Ta ce akwai wani tsoho kusa da su da ba ya aikin komai sai gyaran irin wannan inji. "Maa, ku dai ciro shi ku sa a akwatin katako, masu jirgin ruwa su kawo. Sauran ki bar mini." To wa zai ciro, tunda mai ita ba ya yarda baƙo ya taɓa ta? Na durƙusa gabansa na ce, "Maigida, in ni na taɓa ta fa?" Ya daɗe yana kallona. Ya ce a'a, a hankali, irin wadda yake faɗa in ya karɓi shayi.

Ni ban san sifana ba sai a hannun wani. Na kira ƙanena Osei Bonsu, tela ne a Bantama.

"Yaya, keken ɗinki ma inji ne," ya ce. "Shekara nawa ina kwance shi ina ɗaurawa? Abin da ya shiga ta rami, ta ramin zai fita."

"Keken ɗinkinka mutum ɗaya ke ɗauka."

"To ai mu biyu ne."

Oforiwaa ta turo mana bidiyo. Baturen da ke ciki yana da daɓe mai sheƙi da jar na'urar ɗaga kaya, kuma kowace kusa ya taɓa sai ta kwance kamar dama shi take jira. Namu kusoshin sun yi tsatsa sun manne. Muka cire batir, muka tsiyaye mai a tsohuwar robar wanki, muka tsiyaye ruwa, muka sauke murfin gaba muka jingine shi da bango. Lagireto ya fito, kafireto ya fito. Kowace waya muka cire, sai in ɗaura mata ƙyallen atamfa, in ɗaura irinsa a inda ta fito. Kusoshi suka cika kwanukan miyata. Na bar shago a hannun maƙwabciyata makonni, na yanke a yatsu, bayana ya riƙe.

Duk abin da muka ciro sai in kai masa. Ya juya shi a tafin hannu, ya shinshina, ya ce a'a. A makonnin nan ya fi cin abinci. Har fufu ya ci, da miyar gyaɗa, ya miƙo kwano a ƙara. Ina faɗin wannan ne don masu cewa me ya kai tsohuwa ƙarƙashin mota.

Ranar ɗagawa muka aro sarƙar ɗaga kaya daga mai injin niƙa, muka rataye ta a gungumen da ke riƙe da kwanon rumfar. Maƙwabta suka jeru a kan katanga. Na kawo kujerar Papa Boadu kusa, inda zai ga komai. Osei ya naɗa sarƙa a jikin inji, ya tofa yawu a tafi, ya fara ja. Sarƙa ta miƙe. Inji ya motsa. Sai na ga gaban motar gaba ɗaya yana tashi tare da shi, tayoyi suna barin ƙasa.

Papa Boadu ya ce, "A'a."

"Kin ji ko? Akonta ya ce mu ci gaba," in ji Osei, don haka yake kiran surukin nasa.

"A ina ka ji haka?"

"A muryarsa. Ya manne ne kawai, sai an girgiza."

Na dubi fuskar mutumin da na aura tun ina yarinya, na kasa karanta ta. Ya sake cewa a'a, a'a, yana nuna ƙasa da hannunsa mai lafiya, yana ta nunawa. Na bi hannun da ido, sai na ga silifas ɗinsa ya fita daga ƙafar da ba ta motsi. Na ce to abin da yake so ke nan. Na juya wa mota baya, na durƙusa ina sa masa takalmi.

Saboda haka ban ga rasuwarta ba. A fuskarsa na gan ta. Na ji ƙarfe ya yage, gilashi ya tarwatse, gungume ya ce ƙaƙas, sannan wani abu mai nauyi ya faɗi har ƙasa ta amsa a gwiwoyina.

Da na waiwaya, inji yana kwance a kan siminti, ya tsage kamar tukunyar ƙasa, sauran baƙin mai yana gangarawa lambatu. Gilashin gaba babu. Kafaɗarta ta hagu ta lotse. Osei yana tsaye da guntun sarƙa a hannu, Allah ya tsare ƙafafunsa. Ashe akwai kusoshi biyu a can ƙasa da suka haɗa inji da akwatin giya, ba mu gan su ba. Su yake nunawa.

Oforiwaa ta kai wa tsohon can hotuna. Ta ce ya daɗe yana kallo, ya cire tabarau, ya ce ba abin da za a iya yi, kuma ya daɗe bai ga irinsa a kasuwa ba. Ya ce a miƙa wa mai ita ta'aziyya.

Tun daga ranar Papa Boadu bai sake cewa a'a ba. In na tura shi baranda, sai ya kau da kai daga rumfar. Koko yana hucewa a gabansa. Likita ya auna shi ya ce ba wani sabon ciwo. Dangi suka zauna suka yanke cewa ganin gawar kullum ba ya yi masa amfani, a kai ta gida Kuntanase.

Marigayiya ta rasu ta bar mai ita, Papa Boadu Ampofo, da ni, da 'yarmu Oforiwaa wadda ke kira safe da yamma tana cewa laifinta ne. Ta bar Osei Bonsu, wanda bai buɗe shagonsa ba har yau, kullum yakan kawo burodi ya ajiye a bakin ƙofa ya juya. Ta bar tayar ajiya da ba ta taɓa taka ƙasa ba, da batir mai sauran rai, da kwanukan kusoshi da ba wanda ya san gidan kowace, da wata kaza da ke kwanci a ƙarƙashinta tun bara.

Za a yi jana'iza ran Asabar ta ƙarshen wata, bayan karin kumallo. Osei ya ce shekarunta sun kai masu makoki su sa mata fararen kaya kamar yadda muke yi wa tsofaffi, na ce mutuwar haɗari ce, don haka a zo da ja da baƙi. Fasto ya ce ba zai iya yi wa mota addu'a ba, amma zai zo a matsayin maƙwabci. Ba a karɓar gudummawa. Akwai kujeru da ruwan sanyi.

Za a tura ta daga ƙofar gida, a bi gangaren cocin, zuwa mararraba, inda babbar mota za ta ɗauke ta zuwa Kuntanase, a ajiye ta a rumfar shanya 'ya'yan koko na cakulan ta gidan kakanninsa. Papa Boadu ne zai zauna a gaban sitiyari. Na tambaye shi, da na sa masa makulli a hannu ya damƙe. Ni zan zauna gefensa in riƙe masa ɓangaren da hannunsa ba ya kaiwa. Osei ya ce birki lafiya lau, saboda haka ana neman ƙarfafan maza su riƙe igiya ta baya.

Roƙo ɗaya gare ni ga duk mai zuwa, babba da yaro. Kada kowa ya kwaikwayi kukan inji da baki. Na gwada shekaranjiya, na ɓuya a bayan ƙofar rumfa na yi iya ƙoƙarina. Ya juyo da sauri, ya ga ni ce, ya mayar da kansa inda yake.

A tura ta shiru.